Ka Sassauta wa Gimbiya Igiya

Sonapur, Dubai

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mutanen gida. Allah ya kiyaye hanyar da za ka biyo, ya sa ka bar Magarya a sa'a, ka sauka garin nan a sa'a. Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwarmu a nan, na ba wa takardar, tunda zai bi kayansa zuwa Kano, daga can kuwa ba zai rasa mai shigowa wajenku ba.

Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan muna yin sa a waya. Ka riga ka san Madam, mai gidan karnukan da nake wa aiki a Al Quoz, ta yarda ka gaje ni. Ka kuma san ba za mu haɗu ba, don bizata za ta ƙare kafin taka ta fito, gwiwata kuwa ta riga bizar ƙarewa. Abin da ya kamata in nuna maka da hannu dole in rubuta shi. Aikin kansa ba wuya: shara, wanka, ba da abinci, fita yawo da karnukan da masu su suke kawowa ajiya. Bishnu, ɗan Nepal da muke aiki tare, zai koya maka wannan duka. Abin da ba zai koya maka ba shi ne Gimbiya, don ko ƙofar ɗakinta ba ya son wucewa.

Gimbiya karya ce, irin dogayen nan na Larabawa masu siririn ciki, kamar karnukan farautarmu sai dai ta fi su tsawon ƙafa. Bara, lokacin da korona ta raba mutane da aikinsu suka yi ta komawa ƙasashensu, muka zo da safe muka tarar an ɗaure ta a ƙofa, kwanon abincinta a gefe. Ba wanda ya san sunanta. Ni na sa mata Gimbiya, saboda yadda take kallon mutum sama da ƙasa kamar ya zo neman alfarma. Ta yi cizo sau biyu. Madam ta ce idan ta yi na uku, likitan dabbobi zai yi mata allurar da ba a tashi. Kada ka ga baƙin Madam, mace ce mai tausayi, amma garin nan ba ya wasa da karen da ke cizon mutane, kuma wurin nan shi ne abincinmu mu duka. Ni na san yadda aka yi cizon nan biyu, ina so kai ma ka sani kafin ka riƙe igiyarta.

Bari in fara tun kafin zuwanta. Da na kama aikin nan, duk lokacin da na fita da kare hankalina ba ya kan karen, yana kan wandona. Tsorona kada hancinsa ko yawunsa ya taɓa ni, in rasa kayan da zan yi azahar da su. Sai in naɗe igiyar a hannu ta koma guntuwa, in miƙe hannun can gefe kamar mai ɗauke da kaskon wuta. Kare ya tsaya zai sansana gindin bango, in fizge shi. Ya juya zai dube ni, in ture shi da gwiwa. Haka za mu zagaya mu dawo, ni na gaji, shi ya gaji, kuma ba wanda ya ji daɗi. Da na mayar da shi ɗaki sai ya hau gwaguyar ƙofa yana haushi, ni kuma ina cewa karnukan Turawa ba su da tarbiyya.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, ni fa ɗan mafarauci ne. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin ya nuna wa karensa inda zomo yake ba. Karen ne a gaba, hanci a ƙasa, shi yana biye da sandarsa. Idan karen ya tsaya, shi ma ya tsaya, ko da kuwa rana na dukansa. Na taso ina ganin wannan, amma da na zo garin da ake biyan mutum da agogo sai na manta.

Limamin masallacin masaukinmu, wani dattijo ɗan Sudan, shi ya raba ni da wahalar wando. Na kai masa kukana, ya dube ni ya ce, "Ya Hamisu, ba Malikiyya kuke bi a ƙasarku ba? A wajenmu kare mai rai ba najasa ba ne. Idan ya sa baki a kwanonka ka wanke sau bakwai, khalas, shi ke nan. Idan kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ware kayan aiki daban, na salla daban." Na bi ta biyun, don zuciyata irin ta mutanen da ce. Kai ma ka yi haka. Akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakin ma'aikata, nan nake rataye jallabiyar salla a cikin leda. Da zarar ka daina tsoron hancin kare, hannunka zai saki da kansa.

To ka ɗauki doguwar igiya, ba guntuwar ba. Idan ta tsaya tana sansanar wuri ɗaya har ka ƙosa, ka ƙosa ɗin, amma ka tsaya. Na san ka da sauri, tun kana yaro idan an aike ka sai ka dawo kafin a gama gaya maka saƙon. Wannan saurin ka bar shi a Magarya. Idan kun zo mararraba ka dakata ka ga inda ta fuskanta. Yawon nata ne, kai ɗan rakiya ne. Kuma wayar nan taka ta zauna a aljihu, don ba za ka iya kallon kare da kallon waya a lokaci guda ba. Na lura karen da aka bari ya sansana son ransa, ko tafiyar ba ta yi nisa ba, yana dawowa ya kwanta ya yi barci.

Cizo na farko ni ta ciza, kuma kunya ce ta jawo mini. Idan ka fito daga ƙofarmu hanya biyu ce. Ta dama tana bi ta gaban sito-siton da mutanenmu suke loda kwantena, akwai inuwar gini, akwai yashi a gefe. Ta hagu babban titi ne, kwalta zalla da manyan motoci. Ni kullum hagu nake bi, don kada 'yan kasuwarmu su gan ni ina jan kare. Ai ku ma a gida kun daɗe kuna cewa babanku gadi yake yi a kamfani, ni kuma ban gyara muku ba.

Ranar cikin tsakiyar zafi ne, karnuka sun yi yawa, kafin layi ya zo kan Gimbiya rana ta take. Muna fita ta ja dama. Na hango Alhaji Mudi tsaye a ƙofar sitonsa da yaransa, sai na ja hagu. Ta ɗan bi ni kaɗan, sai ta kafe. Na ja, ta yi mirsisi. Na yi mata tsawa, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye, ta ɗaga ɗaya. Ni a raina cewa nake taurin kai ne irin na 'yar gata. Na sunkuya zan ciccibe ta in wuce da ita kafin a gan ni, sai ta kama ni a wuyan hannu. Da muka koma, Madam ta ɗaga tafin ƙafar Gimbiya ta nuna mini, duk ya saɓule. Ni ina cikin takalmi mai kauri, ita kuwa a kan kwaltar nan take tsaye ba komai. Na tsaya ina kallon ƙafar, har na manta da jinin da ke zuba a hannuna.

Saboda haka kafin ka fita da kowane kare, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. Idan ba za ka iya karanta Fatiha hannun yana nan ba, ku koma ciki. Idan kuma kare ya ƙi abu, kada ka yi saurin kiran sa mai taurin kai. Ka duba ƙasa, ka duba gaba, ka duba jikinsa. Sau da yawa yana da dalili, kai ne ba ka gani ba.

Da ƙafarta ta warke na bar ta ta ja ni dama. Muna isa sito Alhaji Mudi ya ɗago kai, ya dube ni, ya dubi Gimbiya.

Ya ce, "A'a, Malam Hamisu, ashe wannan ne gadin?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, yaransa ma suka taya shi. Sannan ya ce, "To ai kowa a garin nan da kayan da yake ja, habibi. Ni kwantena, kai kare. Yalla, bi ta inuwa."

Iyakar abin da na yi shekaru ina gudu ke nan. Za su tsokane ka, har suna za su sa maka, ni Sarkin Karnuka suke ce mini. Ka amsa, ka wuce ta inuwa. Kada ka bari dabba ta biya kuɗin kunyarka.

Cizo na biyu ya fi ciwo, don da kyakkyawar niyya na jawo shi. Madam tana neman wanda zai ɗauki Gimbiya ya riƙe. Mutane sukan zo ƙarshen mako su duba. Da sun leƙa ɗakinta sai ta koma lungu ta hau gurnani, su kuma su ja da baya su zaɓi wani ɗan ƙaramin kare mai gashi. Abin ya dame ni. Na ce a raina gurnanin nan ne yake hana ta samun gida, bari in raba ta da shi. Duk sanda ta yi sai in daka mata tsawa, in buga tsintsiya a ƙofa. A hankali ta daina. Har ina yi wa Bishnu alfahari wai na ladabtar da ita.

Sai wani mutum ya zo da matarsa. Na fito da ita, na riƙe ta a wuya don ta tsaya a gaisa. Na ji jikinta ya sandare a hannuna, na yi biris. Mutumin ya miƙo hannu ta saman kanta zai shafa. Ba gurnani, ba komai, sai dai muka ga jini. Sai da aka yi masa ɗinki. Allah ya sa mutumin kirki ne, bai kai maganar gaba ba.

Da yamma Madam ta kira ni ta ce, "Hamisu, karyar nan da tana gargaɗi. Me ya sa yau ba ta yi ba?"

Na ce, "Ni na hana ta, Madam."

Sannan ta ce, "Saura ɗaya, Hamisu. Daga nan ba ni da yadda zan yi."

Salisu, gurnanin kare alheri yake yi maka. Cewa yake ka matsa, ban so, tun kafin abin ya kai ga haƙori. Na sha wahala kafin ta sake yarda ta yi mini gurnani, kuma ranar da ta yi, ja da baya na yi har ina murna. Idan ta yi maka, ka matsa, kada ka tanka. Kada ka taɓa riƙe ta don wani ya shafa ta, ko Madam ce ta kawo baƙon. Baƙo ya zauna a kujera ya ba ta gefe, ƙofar ɗakinta ta kasance a buɗe a bayanta. Ta ga dama ta zo, ta ga dama ta koma. Kai ma haka za ka yi a kwanakinka na farko: ka kai abinci, ka zauna nesa, ka yi kamar ba don ita ka zo ba. Idan ta zo da kanta, ka ɗan sosa mata ƙirji, ba saman kai ba, sannan ka ɗauke hannu. Ta tura maka hanci, ka ƙara. Ta kau da kai, ko ta lashi leɓe, ko ta yi hamma, to ta ce ya isa. Wataƙila ta yi mako ba ta kula ka ba, wataƙila wata. Kada ka ɗauka raini ne, ai ni ma sai da ta gama auna ni.

Amma kada ka ce Baba ya ce a sakar mata komai, don nan ma na yi wauta. Bayan na gane kurakuraina sai na wuce gona da iri. Da sanyi ya shigo, Madam takan kwashe mu a mota mu kai karnuka sahara a bayan gari su miƙe ƙafa. Wata rana na dubi filin nan ba titi ba mota, tausayinta ya kama ni, na cire mata igiya gaba ɗaya. Wani abu ya gilma can nesa, ban ma ga ko mene ne ba. Kafin in buɗe baki ta ɓace. Muka yi ta bulayi a yashi da gwiwar nan tawa, har muka same ta a shingen wani garken raƙuma, wayar shingen ta tsarge ta ta yanke mata cinya. Da masu raƙuman ne suka riga mu ganin ta, ban san abin da zai faru ba.

Abin da na koya shi ne, kai za ka fara duba abubuwan, sannan ita ta zaɓa a cikinsu. Dama ko hagu, nata ne, idan duka biyun ba zafi. Ta kwanta a tabarma ko a siminti, ta yi wasa da sauran karnuka ko ta zauna ita kaɗai, a taɓa ta ko kada a taɓa ta, duk nata ne. Titi da magani da igiya a waje, waɗannan naka ne. Takunkumi ma dole ne idan baƙi za su shigo, amma ko shi ba na cusa mata. Ina sa ɗan naman kaza a ciki in riƙe, ita take zura bakinta da kanta, sannan in ɗaure. Idan ta janye, in jira. Yana cin lokaci, Bishnu yana ce mini shwaiya shwaiyar nan tawa, wato bi a hankali, za ta sa mu kwana a wurin aiki, amma har yau ba ta taɓa yi mini gardama a kansa ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Na so in taho da ita gida. Madam ta ce za ta ɗauki nauyin takardu da na jirgi, Alhaji Mudi ya ce ya san mutane a wajen lodin kaya. Na gaya wa innarka a waya, ta ce mutane suna dawowa daga Dubai da firji, ni zan dawo da karya, amma dai ta ce in kawo ta. Na riga na gan ta a raina tana gudu a bayan gari, inda ba mai miƙo mata hannu ta saman kai.

Aka kawo akwatin da ake sa kare a jirgi. Na cire ƙofarsa na ajiye shi a ɗakinta, na shimfiɗa tsohuwar rigata a ciki, na sa naman kaza. Takan miƙa wuya ta ɗauki naman, ƙafafunta na baya suna waje. Na tura naman can ciki, ta bar shi ya kwana. Makonni muna haka. Ranar da na gwada mayar da ƙofar akwatin, ko rufewa ban yi ba, ƙarar ƙarfen kawai ta ji, ta koma lungu jikinta yana rawa har ta yi fitsari a tsaye. Ban san abin da aka taɓa yi mata a cikin irinsa ba.

Bishnu ya ce, "Baba, bargo ɗaya, mutum biyu, mu naɗe ta mu tura, khalas. Tana sauka za ta manta."

Zan iya, ƙarfina bai ƙare ba. Na tsaya da bargon a hannu ina kallon ta, ita ma tana kallona. Na tuna tafiyar: jirgi, wani jirgin, sannan doguwar mota, da ma'aikacin da zai zura hannu ya duba ta a hanya bai san ta ba. Na ajiye bargon, washegari na mayar wa Madam akwatinta.

Ba zan ce maka na tabbata na yi daidai ba. Ita akwati ta ƙi, ba ta san da maganar allura ba, ni ne na sani. Wani lokaci in ce na girmama ta, wani lokaci in ce na kasa ne kawai, na bar ta a bakin rami don kada ta tsane ni. Abin yana cina, kuma da shi zan hau jirgi. Na yi shekaru a garin nan ban tara abin kirkin da zan bar maka ba, sai wannan rai guda da saura mata kuskure ɗaya, kuma kuskuren ba lalle ne ya zama nata ba.

Ka yi iya ƙoƙarinka. Idan duk da haka Allah ya ƙaddara cizo na ukun, kada ka ɓoye wa Madam, kada ka ɗora wa Bishnu. Ka shiga da ita ɗakin likita da kanka, ka zauna har a gama, kada ka bar ta a hannun mutanen da ba ta sani ba. Sannan ka kira ni. Ina so in ji daga bakinka, ba daga bakin 'yan sito ba, kuma ba zan tambaye ka laifin wa ba.

Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi, ya tsare ka a garin da ba ka san kowa ba. Ya ba ka haƙurin da ni ban samu ba sai da na tsufa. Ya raba ka da sharrin mutum da na dabba, ya raba dabba da sharrinka. Ka nemi albarkar innarka kafin ka fito, ka riƙe salla a kan lokacinta. Ina roƙon Allah duk wayar da za ka yi mini ta zama ta gaisuwa ce.

Wassalam.

Mahaifinka,
Hamisu